Kalmar Sirri a Baƙar Taga

Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, ko da bisa kuskure. Caja yake sayarwa, da murfin waya da gilashin fuskarta, a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Sunan ya samo shi ne tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ranar da ya kwance rediyon babansa ya mayar, ta ci gaba da magana duk da kusoshi uku da suka yi saura a hannunsa. Tun daga ranar gidan ya naɗa shi, shi kuwa bai taɓa cewa a sauke masa ba. Fitila ta mutu, a kira Injiniya. Talabijin ta ɗauke hoto, a kira Injiniya. Sau da yawa aikin bai wuce ya kashe ya kunna ba, amma sai ya ɓata fuska, ya ƙwanƙwasa bayan abin da ɗan yatsa, ya ce a ba shi wuri.

Wadda ta karanta kwamfuta da gaske ita ce ƙanwarsa, autar gidan, wadda kowa ke ce wa Auta. Shekara huɗu ta yi a wata jami'a mai nisan yini guda a mota, kuma yau ake yaye su.

Babansu tsohon tela ne. Gwiwa ta hana shi doguwar tafiya, ido kuma ya hana shi zura zare a allura, har ya lulluɓe kekensa da zane shekara biyu da suka wuce. Amma da ya ji ranar yaye ta matso sai ya cire zanen, ya sa aka sayo masa yadi shuɗi, ya yi mako uku yana ɗinka wa Auta rigar da za ta sa a ƙarƙashin babbar rigar ɗalibai. Matar Injiniya ce ke zura masa zare. Wuyan rigar kaɗai sau huɗu ya warware shi ya sake. Da aka ce masa ai za a turo hotuna, sai ya ce hoto na mai tsayuwa ne, shi kuwa ba ya yarda da riga sai ya ga an yi tafiya a cikinta. Auta ta yi masa alkawarin idan an kira sunanta za ta buɗe gaban babbar rigar, ta taka a hankali, don ya gani da kyau. Jami'ar za ta nuna bikin kai tsaye a shafinta na intanet, amma ba ta ajiyewa, da an tashi shi ke nan.

Wayoyin gidan babu wadda ke iya buɗe irin wannan bidiyo. Sai tsohuwar kwamfutar da Auta ta bari a gida. Ta cire tsarin da kwamfutar ta zo da shi, ta sa mata wani na kyauta, wanda ta ce mutane ne daga ko'ina suke haɗuwa su gina shi, kowa kuma na iya leƙa cikinsa ya gyara. Kalmar sirrin da ake shiga da ita kuwa ba sirri ba ce a gidan, domin Injiniya ya faɗa wa kowa har da masu sayen caja: sunansa Auta ta sa, “injiniya”, ƙananan baƙaƙe.

Ranar da za ta koma makaranta ta miƙa masa wata takarda da ta yago daga littafin rubutu, an rubuce ta ciki da baya.

“Yaya, akwai wata 'yar manhaja da sai an ƙara wa burauza, abin buɗe intanet ɗin nan, kafin bidiyon ya buɗe. Na rubuta maka komai a nan. Ka yi shi tun da wuri, don Allah.”

Ya karɓa da yatsa biyu, ya jefa a jakar kwamfutar. Yarinyar da shi ya koya mata yadda ake riƙe sukuddireba, yau ita ce take rubuta masa darasi. Jiya da yamma ma ta kira.

“Yaya, ka sa abin nan kuwa? Ka gwada?”

“Tun yaushe! Ke dai ki kula da hularki kada ta faɗi a gaban mutane.”

Ko jakar bai buɗe ba.

Da safe ya jawo ƙaramin teburin falo ya ɗora kwamfutar, ya ja waya zuwa talabijin don kowa ya gani a babban allo. Teburin ƙafarsa ɗaya gajera ce, yana rawa. Ya laluba jakar ya zaro wata takarda, ya linke ta huɗu, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar, tebur ya tsaya cak. Ya ji daɗin kansa.

Kafin ƙarfe goma falo ya cika, kuma shi ya cika shi, domin shi ya bi gida-gida yana gayya. Ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zauna a kujerar da ta fi kusa da fanka. Ga maƙwabcinsu Direba da matarsa. Ga Mai Kanti na bakin layi, ya rufe kantinsa ya zo da kwalin lemo. Baba kuwa tun ƙarfe tara ya yi wanka ya sa fararen kaya, aka ajiye masa kujera taku biyu daga talabijin saboda idonsa. Tabaraunsa ya goge shi ya fi sau biyar. Auta ta ce sashensu zai hau wajen sha ɗaya da rabi.

Injiniya ya kunna kwamfuta, ya rubuta kalmar sirri, ɗigo-ɗigo takwas suka jeru a allo, ta buɗe. Ya shiga shafin jami'ar. Ga tambarin makaranta, ga hoton ƙofarta, ga rubutun maraba. A tsakiya, inda bidiyo ya kamata ya fito, sai wani akwati ruwan toka, da ɗan rubutu a ciki yana cewa akwai ƙarin manhajar da ba a sa ba.

“An fara ne?” in ji Baba, yana matso da fuska.

“Yanzun nan, Baba. Ƙaramin abu ne.”

Ya sauko da wani fayil kamar yadda ya saba yi a kwamfutar wani abokinsa, ya danna sau biyu. Kwamfutar ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfin ne ya yi mata kaɗan. Minti ashirin suka tafi a nan. Gwaggo ta sha lemonta ta ajiye kwalba. Daga nan ya shiga bincike a intanet, kuma a faɗi gaskiya ba ya rasa kai gaba ɗaya, domin ya gano wani shafi da ya yi bayani: a wannan tsarin ba a danna fayil, wata baƙar taga ake buɗewa a rubuta umarni layi ɗaya. Ya nemo tagar, ya kwafi layin baƙi bayan baƙi, ya danna maɓallin Enta. Talabijin ta yi baƙi ƙirin da fararen rubutu, Mai Kanti ya gyara zama ya ce, “Kai, yau za mu ga aiki.” Wannan magana ta yi wa Injiniya daɗi har ya ɗan ɗaga kafaɗa.

Tagar ta nemi kalmar sirri. Ya rubuta sunansa. Babu abin da ya fito, ko ɗigo ɗaya. Ɗan farin layin da ke ƙyaftawa yana nan inda yake, bai motsa ba. Ya sake rubutawa. Shiru. Ya rubuta karo na uku yana dukan maɓallan, sannan ya danna Enta. Tagar ta ce kalmar ba daidai ba ce, ya sake gwadawa.

Gumi ya karyo masa duk da fankar da ke kansa. Ya kalli agogon bango, sha ɗaya saura minti biyar.

“Kibod ɗin ne ya mutu,” ya ce, yana nuna maɓallan rubutun.

“Ba da shi ka rubuta wancan dogon layin ba yanzu?” in ji matarsa daga bakin ƙofar kicin. A hankali ta faɗa, amma falon ya ji.

“Ke, abin lantarki ne, yanzu yana yi yanzu ya daina. Ki bar abin da ba ki sani ba.”

Ta koma ciki. Direba ya ce akwai wani kibod a gidansa na ɗansa da ya tafi aiki, ya tashi da gudu-gudu, mutum mai shekara hamsin da tumbi, ya dawo yana haki da kibod a hammata. Aka jona. Injiniya ya rubuta sunansa. Baƙar taga ta tsaya tana kallonsa, ba ɗigo, ba komai.

A nan ne ya yi abin da har yau idan ya tuna sai ya runtse ido. Mutum idan kunya ta kama shi a gaban jama'a, neman wanda zai ɗora wa yake yi, kuma wadda ya samu ita ce wadda ba ta nan balle ta kare kanta.

“Ai ga irinta nan,” ya ce da ƙarfi, yana nuna allon. “Na faɗa wa yarinyar nan ta bar kwamfuta yadda masu ita suka yi ta. Ta je ta kwaso wani tarkacen kyauta ta zuba. Shekara huɗu ana karatu, abin da aka iya ke nan, a lalata abin da yake aiki. Da ta bar mini ita yadda take, da yanzu muna kallo.”

Gwaggo ta ce, “Hmm.” Baba bai juyo ba. Ya cire tabarau ya sake gogewa da bakin riga, ya mayar, ya ci gaba da kallon baƙin allon kamar Auta za ta iya ɓullowa ta cikinsa. Hannunsa yana kan gwiwa, babban yatsa yana shafa ɗan manuni, yadda yake yi idan yana jin kaurin yadi.

Injiniya ya kira lambar Auta. A kashe, ai tana cikin zauren taro. Ya kashe kwamfutar ya kunna, dabararsa ta kullum, ya ƙwanƙwasa bayanta. Sha ɗaya da minti ashirin. Ya sake buɗe tagar, ya sake kwafar layin, garin sauri har ya yi kuskure sau biyu.

Matarsa ta fito da faranti ta zo ɗaukar kwalabe. Da ta sunkuya kusa da shi sai ta ce ƙasa-ƙasa, “Takardar da Auta ta ba ka fa?”

“Wace takarda?”

“Wadda ka sa a ƙarƙashin tebur da safe. Na ga rubutunta.”

Gwaggo kunnenta ba ya tsufa. “Takarda ta bar masa? Tana ina?”

Babu yadda zai yi. Injiniya, da sabuwar rigarsa, ya durƙusa a gaban baƙin da ya gayyato, ya ce Direba ya ɗan ɗaga masa teburin. Ya zaro takardar. Ƙafar tebur ta yi mata rami a tsakiya, ƙura ta ɓata gefe ɗaya. Ya warware ta, ga rubutun Auta ƙanana a jere, ta sa lamba ɗaya, biyu, uku, har da zanen inda zai danna.

“Karanta mu ji,” in ji Baba. Wannan ce maganarsa ta farko cikin kusan awa guda.

Ya so ya ce ba sai an ji ba, amma bai taɓa yi wa Baba musu a gaban mutane ba. Ya fara karantawa. Na ɗaya, buɗe baƙar taga. Na biyu, rubuta wannan layin, kuma layin da ya sha wahalar nemowa ne, baƙi ɗaya bai bambanta ba. Ya zo na uku.

“Na uku. Za ta nemi kalmar sirri. Yaya, a nan idan ka rubuta ba za ka ga komai ba, ko ɗigo. Haka aka yi ta da gangan, don kada na kusa da kai ya ƙirga baƙaƙen. Tana jin ka. Ka rubuta sau ɗaya kawai, ka danna Enta.”

Ya tsaya. Mai Kanti ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

“Da saura,” in ji Gwaggo, wadda ke leƙen takardar ta kafaɗarsa.

Da saura kuwa, layi uku a ƙasa, da ƙaramin rubutu. Ya karanta su don ba shi da hanyar tsallakewa.

“Ni ma ranar farko a nan na maƙale, na ɗauka na lalata kwamfutar makaranta, har na yi kuka. Na rubuta maka a takarda ne don kada sai ka tambaye ni a gaban mutane. Ka karanta kai kaɗai ka yaga. Kowa ya san kai ne injiniyan gidanmu.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige da murna. Kunya ta taso masa tun daga ciki har kunnuwa, irin wadda ba a iya yi mata borin komai, domin maganar da ya faɗa a kan Auta minti ashirin da suka wuce tana nan a falon, kowa ya ji ta, ga kuma amsarta a hannunsa da tambarin ƙafar tebur.

Ya zauna. Teburin yana rawa, matarsa ta zo ta dafe shi da hannu ba tare da ta kalle shi ba. Ya rubuta sunansa sau ɗaya, baƙi takwas, cikin duhun da ba ya nuna komai. Bai taɓa jin nauyin sunan ba sai yau. Ya danna Enta. Nan take rubutu ya fara gudu a allo, layi na bin layi. Tagar ta tambaya ko ya yarda, ya ce e. Ko minti uku ba a yi ba ta gama. Ya rufe burauza ya sake buɗewa kamar yadda lamba ta huɗu ta ce.

Akwatin ruwan toka ya ɓace. Ga zaure cike da mutane, ga dandamali da jan kafet, ga tafi yana fitowa ta talabijin. Matar Direba ta yi guɗa. Baba ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa teburin talabijin.

Wani dogon saurayi ya karɓi takardarsa ya sauka. Wata yarinya ta hau. Suka jira. Sai mai kiran suna ya gyara murya ya ce an kammala da sashen kwamfuta, yanzu sai sashen lissafi. Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata.

Injiniya ya ji kamar ya ce wataƙila za su maimaita, amma ƙaryar da ya yi ta yau ta ishe shi. Baba bai tashi ba. Ya ci gaba da kallon 'ya'yan mutane suna hawa suna sauka, ɗaya bayan ɗaya. Can ya nuna wani yaro a allon ya ce, “Wannan telansa ya matse masa hammata.” Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don dariya ya faɗa ba. Ya kalli bikin har ƙarshe, ko za a haska wajen zaman ɗalibai. An haska sau biyu, daga nesa, huluna kawai.

Ana tashi wayar Baba ta yi ƙara. Ya sa ta a amsa-kuwwa kamar kullum, saboda kunnensa. Muryar Auta ta cika falon, tana haki, ana hayaniya a bayanta.

“Baba! Kun gan ni? Ka ga na buɗe rigar? Har na tsaya kaɗan a tsakiya, wani malami yana yi mini alama in wuce, na ƙi!”

Baba mutum ne da a shekara arba'in na ɗinki bai taɓa riƙe ƙyallen mai kaya ba. Ko ɗan tsinken yadi ne ya saura sai ya linke ya sa a aljihun rigar. Bai taɓa ce wa mutum gobe ba alhali ya san jibi ne. Injiniya ya kalle shi, ya ga bakin tsohon ya motsa sau biyu kafin magana ta fito.

“Allah Ya yi miki albarka,” in ji Baba. “Mun gani.”

“Wuyan ya zauna?”

“Ya zauna daram.”

“Na ce maka! Ƙawayena sai tambaya suke wa ya ɗinka. Ina Yaya? Ba shi.”

Aka miƙa masa wayar. Ta yi masa nauyi a hannu.

“Yaya, na gode. Wajen kalmar sirrin bai ba ka wahala ba ko?”

Ya buɗe baki zai faɗa mata komai, takardar, teburin, maganar da ya yi. Sai ya ji hannun Baba a kan gwiwarsa, ya matse shi sau ɗaya. Ya duba, Baba ya girgiza kai kaɗan.

“Takardarki ta yi bayani sosai,” ya ce. Iyakar gaskiyar da aka bar masa ke nan.

Baƙi suka watse da wuri. Direba ya naɗe wayar kibod ɗinsa ya yi sallama bai haɗa ido da kowa ba. Mai Kanti ya manta da kwalinsa. Gwaggo ce kaɗai ta tsaya a ƙofa ta ce, “To, Injiniya, sai an jima,” kuma wallahi ba da gatse ta faɗa ba, bakinta ne ya saba.

Falo ya rage daga shi sai Baba. Talabijin tana nuna dandamalin babu kowa, wasu ma'aikata suna naɗe kafet. Injiniya ya sauko daga kujera ya durƙusa.

“Baba, ka yafe mini. Ban sa abin ba jiya. Ƙarya na yi mata. Ko takardar ban...”

“Na sani.” Baba ya cire tabarau ya linke, ya sa a aljihu. “Yau ranarta ce, shi ya sa na faɗi abin da na faɗa. Ban ji daɗin faɗarsa ba.”

Ya dafa hannun kujera, ya miƙe da ƙyar. Injiniya ya kai hannu zai taimake shi, ya bar shi ya riƙe masa gwiwar hannu har ƙofar ɗaki. A nan ya tsaya, bai juyo ba.

“Jibi za ta dawo. Ka ce mata ta sa rigar, ta yi mini tafiya daga ƙofar nan zuwa taga, in ga wuyan. Za ta tambayi dalili. Kai za ka faɗa mata.”

Ya shiga ya saki labule. Injiniya ya dawo ya rufe kwamfutar, teburin ya karkata ya buga ƙasa da gajeriyar ƙafarsa. Takardar tana hannunsa har yanzu. Ya shimfiɗa ta a kan cinya yana shafa ramin da ke tsakiyarta da babban yatsa, ramin ya ƙi komawa.